Shaidar Inna a Kotun 'Yan Fashi

Unguwar Sarki, Kaduna
4 ga Maris, 1985

Zuwa ga Yaya Kaltume,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da jariri. Bayan haka, an fara shari'ar Yaya Garba, ita ce wadda kike ji a rediyo. 'Yan kallo har kan katanga. Su biyar aka jera. An ce motarsa aka gani ranar da aka tare hanyar Zariya. Kin san aro ya ba da ita, shi yana Katabu yana yi wa Inna rufin ɗaki. Maƙwabta sun ji tsoron soja, sun ƙi zuwa. Lauya ya ce shaidar Inna kaɗai ta rage mana, kuma in an kama mutum da laifi a kotun nan, harbi ne.

Ki sa mu a addu'a.
Ƙaninki, Datti

Kano, 11 ga Maris

Datti,

Muna lafiya. Kai, kana da hankali kuwa? Inna za ku tsayar gaban alƙali? Matar da tun da ta haifi Yaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko haɗa ido ba sa yi? Ɗan fari ne fa! Ka zaunar da ita, ka gaya mata kotu ba ruwanta da kunya. Ba don jego ba da na zo da kaina. A gaishe ta.

Kaltume

Kaduna, 20 ga Maris

Yaya Kaltume,

Bayan gaisuwa. Kwana uku ina koya wa Inna, tana cewa to.

Jiya ta shiga. Lauyan gwamnati ya ce, "Baba, faɗi sunan ɗanki." Ta ja mayafi ta ce, "Yaron nan." Ya sake tambaya, ta ce, "Ai kun san shi." Ya ce to ta nuna shi. Ta kau da kai, ta miƙa hannu ba ta duba ba, yatsan ya faɗa kan na kusa da shi.

Lauyan ya ce, "Ranka ya daɗe, ba suna, ba fuska. Wannan hayo ta aka yi."

Tafintan da ke fassara wa alƙali Bahaushe ne, na ga ya buɗe baki ya rufe. Daga kujerun baya mutane suna ta cewa ɗan fari ne, soja ya daka tsawa. Lauyanmu ya miƙe zai yi bayani, alƙali ya ce abin da shaida ta faɗa yake rubutawa, ba al'ada ba.

Yaya Garba bai ɗago kai ba har aka fita da ita.

Allah ya sa mu ji alheri.
Datti

Kaduna, 2 ga Afrilu

Yaya,

An yanke hukuncin harbi, su biyar ɗin duka. Babu ɗaukaka ƙara.

Inna ta tambaye ni ko ta yi daidai a kotu. Na ce mata ta yi. In kin zo, ke ma haka za ki ce.

Ƙaninki, Datti