Yaya Tukur, Na Ji Hannunka a Agadas

Zuwa ga Yaya Tukur mai jita, ɗan Inna Mairo ta Kibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka a duk inda Allah ya ajiye ka. Ni ne Habu, ƙanenka a sana'a, mai shagon gyaran sifika a bakin tashar Rano. Na rubuta ta a fili, a shafina na intanet, saboda ba ni da adireshin da zan ɗora mata. Makaɗa kuma mutanen yawo ne. Wataƙila wani ya karanta ya ce ya taɓa ganin ka.

Akwai labari mai nauyi da nake so ka ji daga bakina. Amma bari in fara da abin da mu biyu muka sani, don ka tabbata ni ɗin ne.

Ka tuna bikin nan na Rurum, bayan la'asar, ranar da muka fara haɗuwa? Ni an ɗauko ni ne in haɗa wayoyi. Kai kana can baya jikin akwatin sifika, rataye da jitar bes, mai kaurin tsirkiya da kaurin amo, ba wanda ya ko kalle ka. Idon kowa na kan mawaƙi da mai kalangu. Ana cikin rawa wata mata ta taka wayarka ta fizge. Waƙa ba ta tsaya ba, kalangu bai tsaya ba, amma matan nan suka fara waige-waige, ƙafafunsu suka yi sanyi, su kansu ba su san dalili ba. Na durƙusa ina mayar da wayar, ka sunkuyo ka ce min, "Ka gani? Mu ba a sanin muna nan sai mun yi shiru."

Daga ranar na maƙale maka. Kai ka koya min riƙon jita a zauren gidanku, ka kuma raka ni Kano na sayi tawa.

Taka kuwa ja ce, tsohuwar hannu daga Jos, fentinta ya goge a inda damtsenka ke kwanciya, wuyanta ya ɗan karkace. Akwatin sifikarka kafinta ne ya haɗa maka da katakon da ya ragu na wata ƙofa. Sai mutum biyu ke ɗora shi a babur. Ka yanko soson tsohuwar katifa ka cusa a gindin tsirkiyoyin don kada amon ya yi ta jan jiki, ka murɗe maɓallin siririn sauti har ƙasa, kana bugu da gefen babban yatsa. Abin da ke fitowa ba a kunne yake sauka ba, a ciki yake sauka.

Musunmu kullum ɗaya ne. Ni ina son sabuwar tsirkiya, mai ƙyalli, wadda in ka taɓa ta take amsawa tar. Kai kuma ka ce sabuwa surutu gare ta, ba ta san komai ba tukuna. Taka ta shekara da shekaru ba ka canza ba. Ka ci tsire ka ɗauki jita ba ka wanke hannu ba, in na yi magana ka ce, "Bar ta ta ci, ita ma aiki take yi." Mun yi wannan musu a kan babur daga Rano har Kibiya, mun yi shi a gonarku lokacin girbin gyaɗa, Inna tana yi mana dariya tana cewa ko malamai ba sa ja-in-ja haka a kan karatu.

Sai kuma ƙaramin yatsanka na hagu, wanda lauje ya yanka a fadama tun kana saurayi, ya warke a sandare. Inda kowane mai bes zai miƙa wannan yatsa ya taɓo sauti, kai sai ka janyo hannun gaba ɗaya a kan tsirkiya. Wajen janyowar sai a ji wani ɗan nishi, kamar saniya ta amsa daga nesa. Ka tsani wannan nishin. Ni kuwa da shi nake gane ka tun daga bayan katanga.

Ka san yadda sana'ar ta juya mana baya. Fiyano ta shigo, mutum ɗaya ya zauna ya fitar da bes da kalangu da sarewa daga akwati guda. Mawaƙin da muka yi wa aiki shekaru ya ce mu yi haƙuri, mota ba ta da wuri. Ni na koma shago. Kai ka koma gona, amma duk wanda ya gan ka ya san hankalinka ba ya kan fartanya. Da labarin haƙar zinare ya iso daga arewacin Nijar, ka bi ayarin samarin Kibiya. Ka bar matarka Sa'a da 'yarku Ummi a goye. Na ce ka bar min jitar in adana maka, ka ce, "Can ma ai ana aure."

Ka kira daga Agadas. Ka kira daga Jado, can cikin sahara inda ramukan zinaren suke, murya na yankewa, kana tambaya ko damina ta yi kyau. Daga nan shiru. Waɗanda kuka tafi tare suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin labarinsa. Wani ya ce ka yi gaba, wani ya ce rami ya rufta da wasu amma bai ga fuskokinsu ba. Ummi da ka bari a goye yanzu ita ke kai wa Inna ruwan alwala, ta iya karanta Fatiha ba gyara.

Bara baffan Sa'a ya kai maganar aurenku gaban alƙali. Ban ga laifinsa ba, Yaya. Mace da ƙuruciyarta, ba miji ba takarda ba gawa. Alƙali ya ce a ƙara bincike kafin ya yanke hukunci.

Ana cikin haka ne wani ya turo bidiyo a zauren makaɗa da muke ciki a waya. Biki ne a Agadas, da rana tsaka, Buzaye da rawunansu suna kaɗa jitoci a fili. Mai bes ba ya cikin hoton, gefen rigarsa kawai ake gani bayan wata sifika. Ina cikin gyaran amfilifaya na haɗa wayar da babban akwati don in gwada aikina. Ban gama ɗaure dunƙulen waya ba na ji shi. Amon nan mai kauri, gajere, wanda soso ya danne. Bugun gefen yatsa. Shigowar nan taka a bayan ganga, kamar mai jinkirin sallama. Sannan nishin.

Ƙarfen liƙi ya ƙona min hannu ban sani ba. Maƙwabcina mai faci ya leƙo ya ce lafiya. Na mayar da bidiyon, na sake mayarwa, har batir ya mutu. Duk inda ya kamata nishin ya zo, yana zuwa.

Washegari na ɗaura akwati a babur na tafi Kibiya. Na kunna a tsakar gida. Inna ba ta taɓa zuwa wajen kiɗanka ba, kai ma ka sani, amma ta shekara tana jin ka ta bangon zaure. Ta miƙa tafin hannunta ta ɗora a jikin katakon, ta bar shi a nan har waƙar ta ƙare. Sa'a ce ta yi magana daga bakin ƙofar ɗaki. Ta ce, "Habu, kai ka fi kowa sanin hannunsa. Ka ji tsoron Allah ka faɗa min, shi ne?"

Na ce hannunka ne. Da a ce Alƙur'ani aka ba ni a lokacin, da na dafa. Sa'a ta aika wa baffanta ta ce a dakata da maganar kotu.

Na shiga neman mai bes ɗin. Daga wanda ya turo bidiyon zuwa wanda ya turo masa, daga direban da ke lodin albasa zuwa wani mai ɗinki a Damagaram, har damina ta wuce kafin lambar wayarsa ta zo hannuna. Na yi masa kiran bidiyo. Wanda ya ɗauka ba kai ba ne. Wani Buzu ne magidanci, mai furfura a gemu, sunansa Almustafa. Hausarsa irin ta can ce, amma mun fahimci juna.

Na ce ya nuna min hannunsa na hagu. Ya yi mamaki, amma ya ɗaga. Yatsu biyar lafiyayyu, duk suna lanƙwasuwa. Na ce to me ya sa yake janyo hannu a wurin nan maimakon ya miƙa ƙaramin yatsa? Ya ce, "Haka maigidana yake yi. Na zaci haka ake yi."

Ya ce a Jado kuka haɗu, yana tuƙa motar ruwa. Ya ce ranar Juma'a in an tashi daga ramuka kana haɗa jitar da batirin mota kana kaɗawa, mahaƙa su kewaye ka, wasu na kuka don tuna gida. Ya roƙe ka ka koya masa, ka koya masa duka, har da cewa kada ya kuskura ya canza tsirkiya. Sannan ya juya wayar. Ga ta nan jingine da bango, ja, da gogaggen fentinta, da soson katifar Inna a gindinta. Ya ce da za ka yi gaba wajen wani sabon rami a kan iyaka, ka ce hanya ba ta jita ba ce, ya ajiye maka za ka dawo ka karɓa. Tun ranar bai sake jin ɗuriyarka ba. Shi ma ya tambaya har ya gaji.

Yaya, na yi tafiye-tafiye a hanyar Kibiya, ban taɓa ganin tsawonta irin na wannan rana ba. Na faɗa musu kamar yadda na ji, ban rage ba ban ƙara ba. Sa'a ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, Allah ya saka da alheri," ta shiga ɗaki ta sauke labule. Inna ta yi tambaya ɗaya: lafiyarka ƙalau lokacin da ka bar wurin? Na ce haka mutumin ya ce. Ta ce alhamdulillahi.

Almustafa mutumin kirki ne. Ya ce in iyalinka na so, zai ba direba jitar a kawo Kano. Raina ya so, ba zan ɓoye maka ba. Na so in riƙe ta ko sau ɗaya. Amma da na kai wa Inna maganar sai ta ce, "A'a. Inda ya ajiye ta nan zai nema. In ya dawo ya tarar babu, ya ce mun fid da rai." Don haka tana can, Yaya. Mutumin yana kaɗa ta a bukukuwa, yana goge ta da rawaninsa.

Ga labarin da na ce yana da nauyi. Alƙali ya raba auren. Sa'a ta gama idda a gidan mahaifinta a Zurgu, kuma an sa ranarta da wani malamin makaranta, bayan Sallah. Mutum ne mai natsuwa, ya ce zai riƙe Ummi, amma Sa'a ta ce Ummi ta zauna wajen Inna, kada a bar tsohuwa ita kaɗai. Da ta ji zan rubuta wannan takarda ta aiko ƙanwarta shago da saƙo. Ta ce in faɗa maka ta jira iya ƙarfinta, kuma ba ta tafi da fushinka ba. In kana raye ka yafe mata, ita ta riga ta yafe.

Ni kuma har yanzu ina ɗan kaɗawa in an samu mai biki mai son kiɗan hannu. Amma na daina kunna bidiyon nan a shago. Na san wanda ke bugawa, na ga fuskarsa, na ƙirga yatsunsa, amma da ya fara sai jikina ya ce kai ne, in kama duban ƙofa.

Kwanaki ina zaune da Inna muna ɓarar gyaɗa, hira ta kawo sunanka, bakina ya suɓuce na ce, "Allah ya ji..." Ban ƙarasa ba ta kama wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce, "Wa ya wanke shi? Kai?" Na sunkuyar da kai. Ta ƙi a yi sadaka, ta ƙi a raba kayanka. Limamin unguwa ya zo ya yi mata nasiha, ta ba shi fura ya sha ya tafi. Hatsinka na gonar bayan gari, tun da ka tafi, a rumbu dabam take sa a zuba.

Yaya na, in kana raye, ba a neman ka dawo da komai. Ko kunya ce ta riƙe ka, ka ajiye ta. Ka ari wayar wani ka kira, ko kalma ɗaya ce, ko Almustafa ka kira in mu ne ba ka iya fuskanta. Inna ta tsufa sosai. Idonta ya fara hazo, kuma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta tambayi Ummi wane ne.

Ya Allah, Kai ka san inda bawanka Tukur yake, mu ba mu sani ba. In yana bisa ƙasa, Ka tsare shi, Ka shayar da shi, Ka juyo da fuskarsa gida tun mahaifiyarsa na iya gane shi. In kuma yana ƙarƙashinta, Ka yalwata masa makwanci, Ka gafarta masa, Ka aiko mana da wanda zai faɗa mana, don mu san addu'ar da za mu tsaya a kai. Amin.

Inna tana gaishe ka. Ummi ta ce a rubuta sunanta, ga shi na rubuta.

Naka ƙane, mai jiran amsa,
Habu, bakin tashar Rano.