An Ba Yayana Maganin Tsinka Jini Ba Bayani

Zuwa ga Mudir, shugaban asibitin kamfaninmu na gine-gine, Sabha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ranka ya daɗe, sunana Haruna, magini, shekarata shida ina ɗora bulo a gidajen da kamfani ke tayarwa a unguwar Jadid. Sau uku ina zuwa ofishinku mai gadi yana ce mini kuna taro. Tunda taron ya ƙi ƙarewa, na rubuto a fili kowa ya gani.

Maganar yayana ce, Isufu, wanda ya kawo ni ƙasar nan. Bayan sallar layya ya faɗi a bakin aiki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Asibitinku ya karɓe shi, ban manta ba, na kuma gode. Abin da ya biyo baya ne ke ci mini rai.

Na farko. Ranar da aka sallame shi, likita ya miƙo mana ƙwayoyi da takarda cike da Larabci, ya ce maganin yana tsinka jini don kada ciwon ya sake buge shi. Iyakar abin da muka gane ke nan. Larabcinmu na siminti ne da yashi, kun sani. Ba wanda ya zaunar da mu ya faɗi abin da mai shan wannan magani zai kiyaye.

Mu kuwa a gida, wanda jikinsa ya mutu ƙaho ake yi masa a fitar da mataccen jini. Haka muka taso muka gani. Ni da ƙafata na je unguwar Mahdiya na ɗauko wanzami, a zatona taimaka wa maganinku nake yi. Ya tsaga bayan Isufu wuri huɗu, jini ya ƙi tsayawa. Wanzamin da ya tsufa cikin sana'ar ya yi ta danne wurin da rawani, a banza. Rawani biyu suka jiƙe sharkaf kafin mu iso gare ku, ma'aikacin da ya ɗaure ciwon kuma ya ce mana jahilai. Na yarda, ni na kawo askar. Amma da an ce mana kada a kuskura a tsaga shi, wallahi da ba wanda ya tsaga.

Na biyu. A ranar ce muka fara jin cewa dole a riƙa auna jininsa, a san ko za a ƙara maganin ko a rage. Muka dawo awon, aka tare mu a ƙofa, wai katinsa na asibiti ya mutu tunda ya daina aiki. Mutumin da ya yi muku shekara goma sha ɗaya a cikin rana! Kuɗin fetur sun ishi kamfani sauya motocin manya, amma ɗigon jinin Isufu ya gagara aunawa.

Roƙona kaɗan ne. A maido masa da katinsa a auna shi cikin makon nan. A kuma samu mai jin Hausa a ɗakin ba da magani, mu Hausawa mun fi kowa yawa a layin nan, kuma wanzamai ba su ƙare a Sabha ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku da ganin naku a kwance. Ni dai kowace safiya a ɗakinmu na unguwar Manshiya ina tsayawa da ƙwayar a tafin hannuna. In na ba shi, ina tsoron jini. In na hana shi, ina tsoron ɗaya ɓarin. Shi kuma yana kallona, ya buɗe baki, don ya ɗauka na sani.

Wassalam.

Haruna magini, ƙanen Isufu,
Manshiya, Sabha.