Kwana bakwai kyauta

Litinin, 14 ga Oktoba 2024
Kyauta suka ce. Kwana bakwai na wasan kartar belot a waya, da mutanen duniya, ko dala ba za a biya ba, sai dai a sa lambar katin banki “don tantancewa”. Na sa. Yau na duba, jikka talatin na sefa da ke ciki sun koma sha takwas.

Kuɗin shinkafar Ramatu ne. Ta tara su don rajistar ɗiyarmu Sakinatu, jarrabawar shiga makarantar ungozoma a Paraku. Jikka ashirin da biyar, ta intanet ake biya, ranar Juma'a a rufe. Katin yana hannuna don ni ne mai karatu a gidan. Shekara ashirin da biyu ina koyar da Faransanci. To.

Talata, 15 ga Oktoba
Banki. Wadda na tarar a tebur Mansura ce, ɗalibata ta da, wadda na sha ba sifiri. Har yau “Mushe” take ce mini, wato malam da Faransanci.

“Mushe, ba a cire ba fa, an riƙe ne.”
“Suna ina?”
“Suna nan.”
“To ba ni.”
“Ba su taɓuwa.”

Wai kamfanin wasan ya ɗora hannu kan kuɗin shekara guda, don ya tabbatar akwai. In ya ɗaga, su dawo. In ya yi shiru, sai bayan kwana talatin. Na ce wato kamar motocin da suka jeru bakin gada lokacin da aka rufe iyaka, kaya na ciki, mai su na zaune yana kallo. Ta yi dariya, sannan a hankali ta ce, “Ba ku karanta sharuɗɗan ba, Mushe?”

Ta rama.

Laraba, 16 ga Oktoba
Na karanta. Shafi goma sha ɗaya. Zancen riƙon yana sashe na sha huɗu, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, kuma ko nan ba su faɗi nawa ba, ba su faɗi kwana nawa ba. “Wani adadi,” “na ɗan lokaci.” Ɗalibi ya rubuta mini haka sai ya sake.

Na soke rajistar wasan, na aika musu wasiƙa mai sakin layi huɗu. Amsa ta zo cikin daƙiƙa biyu: sun gode da ƙaunata ga wasansu. Inji ne. Na sake aikawa. Ba zan daina ba sai mutum ya amsa.

Bukari mai gyaran moto zai iya ranta mini jikka bakwai ɗin da za su cika kuɗin rajistar. Amma ni ne nake karanta mishi takardu ina cewa ya daina dangwala yatsa kan abin da bai sani ba. Kafin la'asar labari ya kai har ƙauyen Garou. A'a.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Wasiƙa ta biyar. Sakinatu ta bugo daga gidan gwaggonta: “Baba, an biya?” Na ce gobe. Ta ce, “Na sani ai, ku ba ku makara.” Abinci bai shiga ba.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Da hantsi na je rumfar Ramatu na faɗa mata duka. Tana cikin awo, ba ta ɗago ba sai da ta sallami mai saye.

“Karta, Baban Sakinatu? Da furfurarka?”
Na ce ba caca ba ce, kuma ba a ci kuɗin ba, an riƙe ne.
“Wanda aka riƙe ana dafa shi?”

Ta kwance haɓar zane, ta haɗa da cinikin safe, ta aika aka karɓo sauran wurin maƙwabciyarta. Da za ta miƙo mini ta ce, ita da ba ta taɓa shiga lakkol ba, in mutum ya ce ta ajiye mishi buhu, a fuska take faɗa mishi nawa zai bari da ranar da za ta mayar in ya fasa. “Su naka masu ilimin ba su iya wannan ba?”

An biya ƙarfe biyu saura. Rasit ya fito da sunan Sakinatu daidai, na karanta shi sau uku.

Asabar, 19 ga Oktoba
Wasiƙa ta shida, layi uku kacal: ku rubuta nawa za ku riƙe da ranar saki, kusa da inda ake dannawa. Maganar Ramatu ce, na dai sa mata Faransanci.

Laraba, 23 ga Oktoba
Mutum ya amsa, har da suna. Sun ɗaga hannu daga kan kuɗin, kuma za su “duba shawarata”. Zan leƙa shafinsu kowane wata in gani. Na ajiye wasiƙa ta bakwai, ba ta da kwanan wata tukuna.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Jikka sha biyu sun dawo, an mayar wa maƙwabciya nata. Katin yana wurin Ramatu yanzu. Aljihun rigata ne ba shi da kyau, ba wani abu ba.

Da rana takardar kamfanin ruwa ta zo. Na zauna bakin rumfa na karanta mata ita da Hausa tun daga sama har ƙasa, da ƙananan rubutun. Ta tsayar da ni sau biyu. Ɗaya daga cikin wuraren ni ban ma lura da shi ba.