Ya Ce Da Sauƙi

Gafasa, Litinin.

Zuwa ga angona Ja'afar, lauyan birni,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da masu ba ka abinci. Kada ka yi wa rubutuna dariya, na yaƙi da jahilci ne, kuma ya girmi babanka.

Ka ce in rubuto yadda abin ya faru don ka sa a fayil. To ga shi. Ranar kasuwar Gaya da hantsi baffanka Inuwa ya hau babur ɗinsa da buhun wake. Masu aikin hanya sun haƙa ramin kwalbati a bayan kwanar da ke fita gari, zurfinsa ya shanye mutum, ba su sa ko tsumma a bakinsa ba. Ya faɗa ciki. Ƙashin cinya ya karye biyu. Mai ɗori ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai asibiti sun sa ƙarfe, in ba haka ba ƙafar za ta ƙage.

Shekaranjiya wani mai hular kwano ya zo dubiya daga kamfanin da ke aikin hanyar, sunansa Abdulmuttalib, har da lemo. Yana ta gaisuwa, waya a hannu. Na ce yaron nan da ladabi.

Su suka haƙa, su za su gyara ƙafar ɗana. Kai kuma ka nuna mini karatun da aka sayar da tumaki aka yi maka.

Taka, tsohuwar da ba ka iya saki,
Hansai.

Kano, Alhamis.

Zuwa ga Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan jikin Baffa yana lafawa.

Kamfanin ya amsa takardata, kuma amsar ba ta da daɗi. Mai lemon nan ɗaukar muryar Baffa ya yi. Ya tambaye shi ya jiki, Baffa ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi, ba komai." Sun rubuta cewa wanda ya ji raunin da bakinsa ya ce ƙarami ne kuma ba ya neman komai. Sun kuma ce akwai jan ƙyalle a bakin ramin.

An sa zaman sulhu a Gaya ranar Laraba, kafin a kai ga kotu. Ina buƙatar hoton ƙashin, da shaida kan ƙyallen, da Baffa ya faɗi ainihin ciwon da yake ji. Don Allah ki lallashe shi. Kuma Kaka, a wurin zaman ni zan yi magana.

Jikanki mai biyayya,
Ja'afar.

Gafasa, Asabar.

Ango,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, raina a ɓace yake. Ashe lemon nan na tarko ne, ni kuwa har biyu na sha.

Na lallashi baffanka, na yi masa faɗa, har na tuna masa wata tara da na ɗauke shi. Ya ce shi dattijo ba zai zauna gaban mutane yana kukan ciwo ba, butulci ne ga Allah. Yana faɗa gumi na zuba daga goshinsa. Taurin kan gidanku ne, ba nawa ba.

Shaida kuwa na samo. Zaituna mai ƙosai a bakin kwanar ta ce sai bayan an fito da shi suka ɗaura ƙyallen, ita ma ta ara musu wuƙar da suka yanka shi. Za ta zo.

Batun wai kai kaɗai za ka yi magana, na ji. Jin kawai na yi.

Hansai.

Gafasa, Alhamis.

Angona,

Gaisuwa da ban gajiya. Jiya ka gudu tasha ba ka tsaya mun yi dariya ba, don haka zan maimaita maka, ka sa a fayil ɗin.

Na ga yadda ka runtse ido da na miƙe bayan sun kunna muryar Inuwa. Ni dai gaishe da Abdulmuttalib na yi. Ya taso tun daga Kano, riga sharkaf da gumi. Na ce, "Ɗan nan, ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya, Hajiya." Na ce wa mai sulhu, "Ranka ya daɗe, a rubuta. Ya ce ba ya gajiya, gobe a ba shi shebur ya cike ramin shi kaɗai." Har magatakarda sai da ya kifa kai a tebur.

Abin da na faɗa bayan nan ban shirya shi ba. Kakanka, maigidana, safiyar da zai rasu, liman ya tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi. Kafin azahar mun yi masa sutura. Shi ya sa na tambayi ɗakin, wa ya taɓa zuwa dubiya aka ce masa babu sauƙi? Sai ka ɗaga hoton ƙashin, Zaituna ta kawo zancen wuƙarta. Nan kam ka yi kyau, na yarda an yi karatu.

Sun ce sai sun yi shawara da manyansu. Su yi. In sun ƙi, kotu, kuma a gaba zan zauna.

Taka,
Hansai.

Kano, Talata.

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Sun sa hannu. Sun ɗauki alhakin aikin ƙafar da jinya har ya warke. Mota za ta zo ɗaukar Baffa jibi da safe. A shirya shi.

Ja'afar.

Gafasa, Lahadi.

Ango,

Alhamdu lillahi, an sa ƙarfen. Likita ya ce zai taka, amma ba bana ba. Gero kuwa ya nuna, ba ya jiran likita. Ranar Asabar ka ajiye baƙar rigar nan ka zo girbi. Na wasa maka lauje.

Hansai.