Malam Iro, Na Yi Maka Ƙarya a Kan Turmi

Zuwa ga yayana kuma kyaftin ɗina, Malam Iro malamin dabbobi na Kankara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ni'ima a makwancinka. Na san ba a aika wa mamaci wasiƙa, kuma na san da kana nan da ka ce tsufa ya fara taɓa ni. Amma akwai maganar da na riƙe a baki tun ina saurayi. Kullum ina cewa sai na zo Kankara in faɗa maka ido da ido, har aka bugo mini waya aka ce an kai ka. To ga ta a rubuce, duk wanda ya ga dama ya karanta. Na yi maka ƙarya, kuma ƙaryar nan ce ta ci maka gwiwa.

Ka tuna shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Sababbin babura sun cika gari, kowane shago da rediyo, kowane saurayi hankalinsa na Kaduna. Ni ina da shekara goma sha tara, ɗan manomi daga Yargoje, ina buga gefen hagu a kulob ɗin garinmu. Kai kuwa ka haura talatin da biyar, kai ne kyaftin, kai ne bangon bayanmu. Ba ka taɓa kirana da sunana ba. Maraƙi kake ce mini, wai ina tsalle ba tare da na duba inda zan sauka ba.

A filin garin Sabuwa na karye, a wasan sada zumunci da ba kofi ba komai. Na ji ƙarar kafin in ji zafin, kamar an taka busasshen karan dawa. Kai ka ɗauke ni ka sa a bayan a-kori-kura, ka ɗora ƙafar a cinyarka, ka riƙe ta da hannu biyu tun daga can har gidan mai ɗori a Ketare. Duk ramin da motar ta faɗa sai in yi ihu, kai kuma ka zagi direba. Da muka isa hannuwanka sun sandare, sai da aka taimaka maka ka buɗe yatsu.

Wata uku na yi a kwance, ƙafa cikin kara da tsumma. Babana bai yi faɗa ba. Ya dai rataye fartanyata a inda zan riƙa ganinta daga shimfiɗa, na kuwa fahimci saƙon. 'Yan kulob sun zo sau ɗaya, sun zo sau biyu, daga nan kowa ya kama gabansa. Kai kaɗai ne ba ka fasa ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai in ji ƙarar babur ɗinka, ga ka da ƙwaryar man shanu daga rugar da ka yi wa rigakafi. Ka zauna ka murza mini ƙafar har in yi gumi, kana ba ni labarin naka raunukan ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafa 'ya'yansa.

Da aka kwance ɗorin, ka fara kai ni rafi da sassafe. Ka sa in yi tafiya a kan jiƙaƙƙen yashi, in je in dawo, kai kuma ka tsuguna kana duba sawuna kamar yadda kake duba na saniyar da ake zargin tana ɗingishi. Sawun dama ya nutse, na hagu ya tsaya a sama. Kullum maganarka ɗaya ce: “Maraƙi, bakinka na cewa lafiya lau, sawunka na cewa a'a. Ni kuwa sawu nike saurare.” Wallahi a lokacin ji nake kamar in watsa maka yashin a fuska.

Sannan ga dokar turmi, wadda kai ka kafa ta a kulob. Duk ɗan wasan da ya tashi daga rauni, kafin ya sake sa riga, sai ya hau kifaffen turmi a ƙofar gidanka ya diro a kan ƙafar da ta yi ciwo ita kaɗai, sau uku, a gaban kowa. In ya yi ƙara ko ya yamutsa fuska, sai ya ƙara wata guda a gida. Matarka Yaya Binta ta yi ta mita cewa ba a hawa turmi, har ka nemo wani tsohon turmi da ya tsage ka ajiye shi don wannan aiki kawai. Manyan 'yan wasa sun faɗi a kan turmin nan, kuma ba wanda ya taɓa yi maka gardama.

Ana cikin haka labari ya zo. Mun kai wasan ƙarshe na kofi, da Faskari za mu kara, kuma wani mutum daga wata masaƙa a Kaduna zai zo kallo. Yana nema wa kulob ɗin masaƙar 'yan wasa, wanda ya ɗauka zai samu aiki da ɗaki. Sau ɗaya zai zo. Saura kwana goma, sawuna na hagu kuwa bai gama nutsewa ba. Ka ce in haƙura, wata damar za ta zo. Na kalli fartanyar nan a rataye, na ce a kai ni turmi.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar kasuwa na sayi ƙwayoyin ciwon jiki a wajen mai tallan magani, kuma da safen gwajin na haɗiye huɗu a bayan masallaci.

Ba su yi aikin da na zata ba. Dirar farko, zafin ya taso daga ƙwauri ya buge ni a tsakiyar kai, idona ya yi duhu. Na cije cikin kumatuna. Dira ta biyu na ji haƙorina ya shige nama, gishirin jini ya cika mini baki. Ta uku ban san yadda na yi ta ba. Na dai tsinci kaina a tsaye a kan ƙafa ɗaya ina murmushi da baki a rufe, 'yan kulob suna ta sowa suna dukan bayana.

Kai ba ka yi sowa ba. Ka miƙo mini buta ka ce, “Kurkure bakinka.” Na guntsi ruwan, na juya shi, na ga kowa yana kallona, na san in na tofar ja zai fito. Sai na haɗiye. Ka daɗe kana kallona. Daga nan ka karɓi butarka ka ce, “To, za ka buga.” Na koma gida ina yi wa kaina kirari, wai na yi wa malamin dabbobi wayo.

Ranar wasa filin ya cika tun kafin la'asar, har da masu hawa bishiya. Baƙon Kaduna yana zaune a kujera da ɗan littafi a hannu. Faskari suna da wani mai tsaron baya da ake kira Gingimari, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Ya san na karye, ya san wace ƙafa ce, duk yankin an sani. Tun muna gaisawa a tsakiyar fili idonsa yake kan ƙwaurina na hagu.

Da aka jera, sai na ga ka bar wurinka na baya, wurin da ka tsare shekara goma sha biyar, ka dawo tsakiya ta gefen hagu, dab da ni. 'Yan kallo suka fara gunaguni, wasu na cewa tsoho ya ruɗe. Duk inda na juya kana nan tsakanina da Gingimari. Ya taho, ka tare shi da kafaɗa. Ya zagayo, ka riga shi. Ina jin numfashinka a bayana kamar zugar maƙera, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Hankalina na kan ɗan littafin nan.

A hutun rabin lokaci ƙafar ta kumbura har igiyar takalmi ta nutse a ciki. Na ja safa na rufe. Ka zo ka zauna kusa da ni kana haki, ba ka kalli ƙafar ba, ka ce, “In ka ga ya taho, saki ƙwallon. Ƙwallo ba ta da ƙashi.” Na gyaɗa kai kamar mai jin magana.

Ban saki ba, Malam. Saura kaɗan a tashi, babu wanda ya ci, ƙwallo ta zo mini. Na yanke mutum ɗaya, na yanke na biyu, ta gefen ido na ga baƙon ya miƙe daga kujera. Sai ga Gingimari ya taho da gudu, ƙafafu biyu a gaba. Na ga shi sarai, lokaci kuma yana nan da zan miƙa wa wani. Na ce bari in kauce in wuce shi, ƙafar ta ƙi tashi. Ta kafe a ƙasa, duk nauyina a kanta, ni kuma ina kallon ƙasan takalminsa yana nufo daidai inda aka ɗora.

Har yau ban san ta ina ka fito ba. Ƙafarka ta dama kawai na gani ta shiga gaban tawa. Ƙarar ba irin tawa ta Sabuwa ba ce, wannan a jiƙe take, kamar an murɗe ɗanyen reshe. Alƙalin wasa bai busa ba, ƙwallo ta gangaro gabana, na buga ta shiga raga. Kuma ga abin da ya fi hana ni barci: na ruga wajen 'yan kallo hannu a sama. Sai da na kai ƙarshen fili na waiwaya, na ga mutane sun kewaye wani a ƙasa.

Mun ɗauki kofi, kai aka ɗauke ka a a-kori-kura. Ba ni na riƙe maka ƙafa ba, ina can baƙo yana rubuta sunana. Mai ɗorin Ketare ya taɓa ya ce ba ƙashi ba ne, jijiya ce, ba abin da zai ɗora. Asibiti ma sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Tun daga ranar gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai aka mai da shi zaman tebur a ofis, kuma shekara arba'in da wani abu kana sallah da ƙafa ɗaya a miƙe.

Ka san abin takaicin? Da na isa Kaduna likitan kulob ya duba ƙafar ya ce sai na huta wata biyu, kuma suka jira ni. Hutun da ka roƙe ni na hana ka, na je na ba baƙi har da ƙari. Na buga musu shekara shida, na yi aiki a masaƙar har aka rufe ta, na yi aure, na gina gida, na aurar da 'ya'ya. Duk a kan gwiwarka na gina su.

Ba Sallar da ta wuce ban zo gaishe ka ba. In kawo shadda, mu zauna a zaure, ka miƙe ƙafar a kan buzu, mu yi hirar damina da farashin shanu da yaran yanzu da ba su iya tare ƙwallo da ƙirji ba. In wani ya tambayi gwiwar sai ka ce tsufa ne. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa, sai in ji kaina ina tambayar lafiyar iyali. Ina tsoron ka daina kirana Maraƙi.

Da na zo ta'aziyya, bayan mutane sun ragu, Yaya Binta, wadda yanzu kowa ke kira Hajiya, ta sa aka shigo da ni cikin gida. Ta ce ka bar mini saƙo a kwanakinka na ƙarshe, ita dai ba ta gane kansa ba, amma ka sa ta maimaita har sau biyu. Ka ce, “In Maraƙi ya zo a nuna mashi turmi. A ce mashi har yanzu ina jira ya tofar da ruwan nan.”

Ashe ka sani. Tun kafin in sauko daga turmin ka sani. Mutumin da ke gane ciwon saniya daga sawunta, ni ne zan rufe shi da murmushi? Da farko haushinka na ji, wallahi. Me ya sa ba ka kunyata ni a gaban kowa ba? Hutun wata guda kawai, da ka yi sujada da gwiwa biyu har ƙarshen ranka. Daga baya na gane ka auna ne. Ka ga baƙon ba zai dawo ba, ka ga ba zan ji magana ba, ka ga akwai ƙafar da za ta karye a filin nan, sai ka zaɓi wadda za ta kasance.

Turmin yana nan a bayan rumbu, gara ta ci gefensa. Na jawo shi tsakar gida na kife. Hajiya ta riƙe baki tana salati, tana ce mini, Alhaji ka rufa mana asiri. Da ƙyar na hau, ina dafa bango, ga furfura ga tumbi. Na diro a kan ta hagu.

Da zafi, Malam. Na faɗa da ƙarfi har maƙwabta suka ji: wayyo Allah, da zafi! Tun ranar ma da zafi, kuma na yi ƙarya. Sannan na roƙi buta, na guntsa, na kurkure, na tofar a ƙasa a gaban turminka.

Ka yafe mini, yayana. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya sa kowace raka'a da ka yi da ƙafa a miƙe ta zama nauyi a mizaninka. Ya tashe ka da gwiwoyi biyu lafiyayyu, ya ba ka ikon ƙetare siraɗi da gudu irin na ranar Faskari. In Allah ya haɗa mu a can, ka duba sawuna, ba zan sake yi maka gardama ba. Amin.

Naka har kullum,
Maraƙi