Ciwon Bayan Inna

'Yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinku na binciken iri. Mu lafiya lau, in ban da gona. Ruwan da ya ƙi zuwa wata biyu ya zubo a kwana uku kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya haura, shinkafar da kika aiko muka dasa ta kwana takwas a nutse. Jiya ruwan ya janye, ganye duk ya kwanta cikin laka.

Babanki ya ce shekara uku ke nan yana yi wa kogi noma, ya gaji. Jibi zai je ya ba masu bulo gonar, kin kuwa san in suka haƙe ƙasar ta gama shinkafa har abada. A gonar nan na goye ki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ki ba direban motar kasuwa amsa gobe.

Innarki

Inna,

Ina gaida ku da girmamawa. Don Allah kada a taɓa gonar. Irin nan don ambaliya aka yi shi, in ruwa ya rufe shi lafewa yake yi, ba mutuwa ba. Ki tona gindi ɗaya, in kin ga saiwa fara tas, da ransa. Kwana goma kawai yake so. Baba zai ce noman takarda ne, don haka ki riƙe min shi ta kowace hanya.

Allah ya ƙara girma.
'Yarku

'Yata,

Gaisuwa. Na tona, saiwa fara sol. Na gaya wa babanki, ya ce, "Gawa ma da fararen haƙora ake binne ta." To, tun daga ranar bayana ya riƙe. Da ya sa takalmi zai fita sai in yi nishi, ya dawo da man zafi yana shafawa yana faɗa. Yau kwana bakwai. Shi ke ɗebo ruwa, shi ke shara, har tukunya ya ƙona min biyu. Shekara talatin ban huta haka ba, Allah ya yafe min. Da asuba na leƙa ta katanga, kamar na hango kore-kore.

Innarki

'Yata,

Bayan sallama. Shinkafa ta miƙe, gona ta yi kore shar har bakin kogi. Na sallami masu bulo. Maƙwabta na son irin, ki tanada musu na baɗi.

Bayan innarki ya warke ranar da shinkafa ta tashi. Ni tun kwana na biyu na gane, don ciwon yau a dama yake, gobe a hagu. Kada ki gaya mata na sani.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki