Dokar Malamarku da Kunyar Ɗan Fari

Zuwa ga jikana Nasiru, a Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da malamanku da abokan koyon aikinka, ina sanar da kai cewa mu ma nan Birnin Gwari muna nan ƙalau, sai abin da ba a rasa ba. Ruwa yana sauka, masara ta fara goyo. Da gangan na sa wasiƙar nan a zauren dangi na waya, don gwaggonninka da suka ji hawana su ji saukata. Ka yi haƙuri da rubutun. Ajin yaƙi da jahilci ne iyakata, kuma yatsana ya fi haruffan wayar nan ƙiba.

To, maigida. Sati uku ke nan kana kira ina kallon wayar tana rawa a kan tabarma. Ba caji ne babu ba, kamar yadda na sa aka gaya maka. Yaji na yi. Kai kuwa da yake rowa ta yi maka katutu, ko goron biko ba ka aiko ba.

Ka tuna ranar da ka zo mini da takarda kana washe baki, wai an ɗauke ka cikin waɗanda za a ba tallafi su yi shekara guda a asibiti suna koyon aiki? Na tambaye ka allura za ka riƙa yi ko tiyata, ka ce a'a, ku masu ilimin halayyar ɗan Adam zama kuke yi da wanda damuwa ta danne, ku saurare shi, ku taimake shi ya warware abin da ya ɗaure masa a rai. Na ce ashe yanzu har hira ake ɗaukar nauyin mutum ya je ya koyo, ni da na shekara sittin ina yin ta ba wanda ya ba ni ko takardar shaida. Ka ce ai bambancinmu, ku kuna barin mutum ya yi magana. Ban manta da wannan rashin kunyar ba, ajiye ta na yi.

Ka kuma ce sharaɗin masu tallafin shi ne in kun gama, a tura ku garuruwan da ba su da irinku. Na yi dariya na ce to ai ba sai ka nemi hanya ba, garinmu ma babu irinku. Amma a cikina mutum ɗaya nake gani, ubanka.

Kai ka sani, dangi ma sun sani. A hanyar dawowa daga gonarsa ta Kusasu mutanen daji suka ɗauke shi, ya yi wata huɗu a hannunsu. Da Allah ya kuɓutar da shi, gida ya cika da 'yan barka da arziki, kowa na cewa ai an tsira. Ƙafafunsa sun warke, naman jikinsa ya dawo. Amma damina biyu ke nan bai taka gonar ba. Yana zaune a zaure, baya jikin bango, ido a ƙofa. Babur in ya wuce, lomar da ke hannunsa nan take tsayawa. Uwarka in za ta yi wanki sai ta zazzage aljihunsa, ta tarar da gutsuren tuwo ya bushe a ciki, a gidan da tukunya ba ta taɓa kwana a kife ba.

Ba abin da ba mu yi ba. An yi saukar Alƙur'ani, an sha rubutu. Maƙwabciyarmu Maman Ladi har sunansa ta kai cocinsu aka yi masa addu'a. Ni kuwa ina lissafin watannin da suka rage maka, ina cewa likitan yana hanya, kuma na gida ne.

Sai ka ce mini a waya wai malamarku ta ce a aikinku mutum ba ya duba ubansa, ko uwarsa, ko wani nasa na jiki. Na ce wane irin maƙeri ne wannan da fartanyar gidansu za ta karye ya ce a kai wa wani. Ka fara bayani, na kashe. Gaskiya ba da kai kaɗai na yi fushi ba, har da matar nan da ban taɓa gani ba. Na zana ta a raina da gilashi a karan hanci da bakin da ba ya dariya. Ka ba ta haƙuri in ba haka take ba. In haka take, kada ka ce ni na faɗa.

Ga abin da ya sauko da ni.

Ran Alhamis da hantsi ruwa ya tsuge. Wani mutumin Kazage, dattijo, da ya zo cin kasuwa, ya fake a zaurenmu da buhunsa. Ba mu san shi ba, bai san mu ba. Ina bayan bango ina tsince wake, sai na ji murya. Na ɗauka rediyo ne. Ashe ubanka ne. Ya ba mutumin nan labarin igiyar da aka ɗaure su da ita su biyu, da yadda suke raba abin da aka jefa musu, da safiyar da aka kwance ɗayan aka tafi da shi bai dawo ba. Ya ce har yau in ya ƙoshi sai ya ji kamar rabon wancan ya cinye. Baƙon ba abin da yake cewa sai Allah sarki. Muddin ruwan nan yana zuba, bakin ubanka bai tsaya ba.

Na dama kunu na shiga da shi, wai ni mai dabara. Inuwata na faɗawa zauren ya yi tsit, ya gyara hula, ya koma kallon ƙofa.

Abin ya soke ni, Nasiru. Na koma kan wakena ina cewa ni na haife shi, amma mai fakewar ruwa ya fi ni. Ban gama tsince kwanon ba na ba kaina amsa.

Ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ana yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi. In ya shigo ɗaki sai in tuna ina da aiki a madafa. Da yana ƙarami ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ina ji ina gani na kau da kai, wata ta ɗauke shi, aka yi ta yabona wai na iya kunya. Ni da bakina ba ya barin ko akuyar maƙwabta ta wuce ba tsokana, shekara hamsin ban taɓa zama na yi hira da shi ba.

Kai ma ɗan farinsa ne. Shi ya sa aka kawo mini kai na sha wahalarka. Bai taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba. Keken da na ba ka da ka gama firamare, yau zan tona, shi ya saya ya ce in ce ni ce. Mutumin da ya kasa miƙa maka keke da hannunsa, ta yaya zai zauna a gabanka ya yi kuka? Malamarku ta yi gaskiya. Ita a littafi ta karanta, ni kuwa a gidana abin yake ban gani ba.

Washegari da safe na ɗauki kujerata na shiga zaure na zauna kusa da shi. Ya ɗauka wani ne ya mutu. Na buɗe baki, harshen nan da kuka sani ya ƙi motsi. Da ƙyar na kira sunansa. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗayan nan ma ya isa. Ya ɗago ya dube ni kamar lokacin da yake ɗan shekara huɗu yana leƙo ni daga bayan zanen kakarsa.

Na ce in aka samo baƙo wanda aikinsa ke nan sauraro, kuma abin da ya ji ba ya fita da shi, za ka yi magana? Ya dubi ƙofa. Can ya ce to, in dai ba da yaron nan zai shigo ba.

Kai ne yaron nan, da digirinka da gemunka.

Don haka ga roƙona. Kada ka jira ƙarshen shekara. Mutumin da ya yi damina biyu kafin ya ce to, ban san kwana nawa to ɗin za ta yi ba. Ka je wurin malamarku ka gaya mata yadda muke ciki, ko za ta samo cikin abokan aikinka wanda zai iya zuwa. Hanyar Kaduna dai ubanka ba zai hau ta ba tukuna, ta cikin dajin ta ratsa. In zuwan zai yi wuya, ko ta waya ce a fara, zan kori kowa daga zauren, har ni.

Kai kuma in an zo rabon garuruwa, kada ka guje mana don wannan. A unguwarmu kaɗai na san zaure uku da ake irin zaman nan, kuma ba ka haɗa jini da kowa a cikinsu ba. Ka duba uban wani, wani ya duba naka.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a kunnenka. Allah ya saka wa waɗanda suka ɗauki nauyin karatunku. Ya ji ƙan wanda aka ɗaure da ubanka, ya sanyaya zuciyar mutanensa, ko su waye. Shi kuma ɗana, Allah ya nuna mini ranar da zai ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya tashi da aljihunsa wayam.

Taka har kullum,
Kakarka Lantana.